Fim Ɗin Da Ba A Zare Takobi Ba

Zuwa ga ɗiyata Sauda,

Assalamu alaikum. Ya lekkol da karatu, ya jikin innarki? Ni lafiya lau, sanyin Tamanrasset ne kawai ya gano gwiwata.

Jiya maƙwabtana Salifu da Tasi'u suka kaure da gardama kan fina-finan zanen Japan, kowa na yabon mai takubba. Sai na ji bakina yana kare naki, wanda nake miki dariya a kansa a Damagaram: yarinya tana rufe wa babanta matafiyi shinkafa a kwano kullum ko zai dawo, shi ke nan labarin. Na sake kallonsa a salula, wannan karon ban yi gyangyaɗi ba.

Kin fi ni gaskiya. Amma ke kada ki rufe mini tuwon Sallar bana, ba zan samu zuwa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Tijani