Layin Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin hagu bai dawo ba, amma baki ya ɗan saki. Mama kuma gwiwoyi ne suka matsa mata, hawa bene ya zame mata aiki.

Yaya, ka tuna na ce maka Baba ba ya iya danna wayar hannu saboda rawar yatsu. To, sai na kwaso tsofaffin wayoyin tebur ɗin nan na ofishinsa, na wanke su, na sayo 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira maikurokwanturola, ba ta fi ɗan yatsa ba. Na liƙe ta da dalma cikin wani akwatin katako, na koya mata gane lamba da buga ƙararrawa, na ja waya ta bin bango zuwa ɗakin Baba a saman bene, da kicin, da ɗakin Auta, da nawa. Ranar da Baba ya juya lamba da kansa Mama ta ɗauka a kicin, ya tambaye ta wai da wa yake magana, ta ce da matar da ya aura, in bai manta ba. Rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar har na manta. Ni kuma a raina na ce to, yanzu zan samu in fita neman aiki.

Ashe gyaran gangar auzinawa na yi. Tun da layin ya fara aiki ƙafa ta ɗauke daga ɗakin Baba. Mama tana da uzuri. Amma Auta, da lafiyarsa da komai, daga kan gadonsa yake kira ya gaishe shi, ya ajiye. Kowa ya zauna jiran ƙararrawa, in ba ta yi ƙara ba an ɗauka lafiya ke nan. Wata rana ina gyara masa matashi Baba ya ce mini, "Kin kawo mini muryoyi, kin ɗauke mini fuskoki."

Makon jiya wani kamfani mai gyaran na'urorin asibiti ya kira ni ganawa a wani gari. Na tafi da sassafe. Bayan fitata wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙona wani abu a cikin akwatin, layi ya mutu, ba wanda ya lura. Baba ya yi ta juya lamba yana son a kai shi bayi, shiru. Ya yunƙura da kansa, ya zame tsakanin gado da bango. A nan na tarar da shi da la'asar, tufafinsa a jiƙe, kan wayar a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Roƙona kawai ya yi kada in gaya wa Mama halin da na same shi.

Kamfanin sun ce sun ɗauke ni, suna jiran amsa kafin ƙarshen wata. Da na gaya wa Baba ya sa mini albarka, ya ce in tafi, ba zai tare mini hanya ba, sai ya juya fuska bango. Na gyara akwatin, amma yanzu ko shagon bakin titi na je zuciyata tana gida. In na cire layin, ba shi da yadda zai kira mu. In na bar shi, ba mai hawa. In ya sake lalacewa, ba mai iya taɓa shi sai ni. Na yi wa Auta magana, ya ce zai gyara hali, ya hau kwana biyu ya koma ruwa.

Na san kana da naka nauyin, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai kaɗai Auta yake jin tsoro, fuskarka kuma Baba yake tambaya. Ka nemi hutu ka zo, mu zauna mu san yadda za a yi kafin wata ya ƙare. Ban taɓa roƙonka komai ba, Yaya. Ko ba don Baba ba, ka zo don ni.

Ka gaida matarka, da 'yan biyu, da takwarar Mama. Mama da Gwaggo suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka.