Hafsatu da fim ɗin Kirsimeti

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ki gafarce ni na dame ki. Ina gajiya, ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Utaibiyya a Makka lafiya lau, alhamdu lillahi.

Maganar 'yarki Hafsatu ce. Kwanakin baya ta ga tallan wani fim na Turawa na bikin Kirsimeti, mai waƙe-waƙe, wai an tara manyan taurari a ciki. Ko wanke-wanke take yi waƙar tallan ce a bakinta, haddarta ta ja baya. Ita da yarana suka dame ni sai sun kalla. Na tsorata, Yaya, don amana kika ba ni. Amma na ga in na hana, a waya za su kalla a ɓoye. Sai na yarda, da sharaɗin ina zaune.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kunna, ina gefe da carbina. Ba a kai rabi ba autana ya yi barci. Maryam ɗina ta ce, “Ya Ummi, marra bayikh!” wai ba daɗi ko kaɗan. Hafsatu da kanta ta kashe, ta ce, “Inna, duk taurarin nan, ashe waƙar tallan ce kaɗai abin ji!”

Washegari na jiyo ta a kicin tana biya Suratu Maryam, sai na ji sanyi a raina.

Ban nemi izininki ba, ki yafe mini. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da Malam da Gwaggo. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Hadiza