Dami Biyu na Kara da Littafin da Ba a Gogewa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke sayen riɗi a ƙasar Miga, a ofishinsa na Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ranka ya daɗe, damina huɗu ke nan ina ɗauke da maganar nan. Sunana Malam Habu, manomin riɗi. Ban yi boko ba. Limaminmu ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

Na farko. Kun tara mu a ƙofar mai gari, kuka ce masu sayen riɗi a ƙasar waje suna son sanin hayaƙin da kowane buhu ya jawo, daga gona har jirgin ruwa. Kuka ce akwai littafi a cikin na'ura, wai bulokcen, kowa na riƙe da irinsa, abin da ya shiga ba mai iya gogewa. Wanda ba ya ƙona gona, riɗinsa zai wuce. Ni na fara dangwala yatsa, don tun zamanin mahaifina ba a sa wa gonarmu wuta. Shanun Fulani ke cinye kara su bar mana taki.

Na biyu. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ba ta son kanwar kasuwa. Duk kaka takan ware dami biyu na karan gero, ta ƙona a gefen gona, ta kwashe tokar ta tace, ruwan take sa wa miya. A irin wannan rana ma'aikacinku ya biyo hanya. Bai sauka daga babur ba. Ya ɗaga waya, ya ɗauki hoton hayaƙi, ya wuce. Tsohuwar, mai ɗakin nawa, na tsugune a wurin da ƙwarya, ko sannu bai ce mata ba, balle ya tambaya. Ɗan Jigawa, ya girma da miyar kuka, bai san toka ba. Ban san da me uwarsa ta raine shi ba. Shi ya rubuta cewa Habu ya ƙone gonarsa.

Na uku. Ranar awo aka haska lambar buhuna da waya, aka ce a sauke, wai littafi ya nuna na ƙona gona. A gaban mutanen da ni na koya musu yankan riɗi. Tun daga nan ake ce mini Mai Wuta. Na dawo gida na huce a kanta. Na faɗa mata maganar da ba zan sa liman ya rubuta ba, na kuma daina cin miyarta. Ba ta sake ƙona kara ba. Bara ta rasu, tana ganin ita ta ɓata mini suna. Nawa laifin na san shi, ni da Allah. Naku nake tambaya.

Na huɗu. Na zo Dutse har masu gadinku sun san tarina. Kullum amsa ɗaya: ba a gogewa. Ina zaune a benci, injin wutarku na hura mini baƙin hayaƙi a fuska tun safe har azahar. Motocinku kuwa in sun taso da kaya, kaza ma tari take yi. Ban ga an sauke buhun kowa saboda su ba. A zuwana na ƙarshe wata ma'aikaciya ta ji tausayina, ta gaya mini cewa ko da ba a gogewa, ana iya rubuta gyara a ƙarƙashin rubutun, in wanda ya ɗauki hoton ya sa hannu. Shi kuma ya bar aiki. Ashe ƙofa na nan duk shekarun nan, kuka bar tsohuwa ta mutu ba ku nuna mini ba.

Ko mala'ikan hagu, malamai sun ce yana jinkirtawa kafin ya rubuta, ko bawa zai tuba. Naku ko birki bai taka ba.

Ga buƙatata. Kada a aiko mini da shinkafa ko hular kamfani. Gonar nan 'ya'yana za su gada da lambarta ta littafinku, ba zan bar musu ita da ƙarya a kai ba. A nemo mai babur ɗin nan duk inda ya shiga. In ya ɓata, kai ka sa hannu, ai kai ka ɗauke shi aiki. A rubuta layi ɗaya ƙarƙashin sunana: dami biyu ne, tokar miya ce. A buga a takarda a ba ni, in kai maƙabarta liman ya karanta.

Allah ya ja kwananka, ya raba ka da shaidar wanda bai tambaya ba. Ya sa littafinka na gobe ya fi naku sauƙin gyara.

Ranar Litinin ina bencin nan. Wannan karon ba mai gadi zai amsa mini ba, kai za ka fito.

Wassalam.

Malam Habu, manomi, ƙasar Miga.