Birnin Gora da Ranar da Inna Ta Shiga Jirgi

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna masunci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƴa da mahaifinta, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ba ka labarin gida. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Amma tun ina ƙarama, in abu ya cika min ciki kai nake fara faɗa wa, kuma ban ga dalilin canzawa yanzu ba. Masu leƙen wasiƙar nan su yi haƙuri, maganar gida ce.

Baba, damunar bana kogi ya shigo Gashua. Ya shigo unguwarmu, ya shiga gidanka, saura ƙiris ya tafi mana da Inna. Lafiyarta ƙalau yanzu. Amma bari in fara daga Birnin Gora, domin shi ya fitar da ita.

Ka tuna shi ai, da bakinka ka gina shi. Kana zaune a tsakar gida kana ɗinkin homa, ragarka ta kamun kifi, mu kuma mun kewaye ka. Ka ce akwai wani birni da aka ɗora a kan manyan goruna irin wadda kake hawa in za ka shiga ruwa, an ɗaure su da igiyar kaba. In kogi ya cika, birnin sai ya taso tare da shi. In rani ya yi ruwa ya janye, tsuntsayen dausayin Dagona su zo su kama igiyoyin da baki, su ɗaga shi sama, ya yi ta yawo a kan Nguru har damuna ta dawo.

Ka ce shinkafarsu a kan rufin ɗaki take tsira. Tarwaɗa ce jakinsu, ita ake ɗora wa mangala. Mun yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ni har wuyana ya sha ciwo wajen kallon sama, duk gajimaren da ya gifta sai in ce shi ne.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda ba. Inna tana bakin murhu za ta yi tsaki ta ce, "Ƙaryar masunci ta fi homarsa faɗi." Kai kuma ka yi dariya ka ce, "Ku rabu da ita, ƴar Nguru ce, ruwan randa kawai ta sani." Haka muka tashi muna ganin Inna ba ta ƙaunar birnin nan ko kaɗan.

Ranar da abin ya faru, da safe maƙwabciyarmu Maman Grace ta kira ni a waya, ta ce kowa ya fita, saura Inna. Na bar ɗinkin mutane a kan keke a nan Nguru na hau motar Gashua. Kafin in isa ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, katangar baya ta riga ta zube, ta ɗakinka kuma ta jiƙe har rabi. Ka san ginin ƙasa ba ya jayayya da ruwa.

Na same ta a kan gadonka, ta naɗe ƙafa, carbi a hannu. Abokinka Ba Modu ya kawo jirginsa har ƙofar zaure yana jira. Na roƙe ta, na yi kuka, na haɗa ta da Allah. Ta kafe kai da fata, wai ɗakin mijinta ne, nan za a same ta. Baba, ka yafe min, har murya na ɗaga mata. Ko gezau. Ina jin ƙasa tana faɗuwa cikin ruwa ta bayan ɗakin, na tabbata yau zan rasa uwa ina kallo.

Ba Modu ne ya yafito ni. Ya ce, "Wushe, sannu ƴata. Ba ɗaki ne ya riƙe ta ba, ruwa take tsoro." Ya ce tana amarya ka so kai ta Dagona ta gaida danginka, shi ne matuƙi. Ta ga kogi ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta shiga ba. Sai ka tsuguna a bakin ruwa ka fara ba ta labarin wani birni a kan goruna. Tana saurare tana harararka, har ka ja hannunta ta shiga, kuma ba ka yi shiru ba sai da aka kai gaci.

Ashe ba mu aka gina wa birnin ba. Mu ragowa muka samu. Sai a lokacin na lura cewa duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin Inna a bakin kogi ba, ko wanki a gida take yi. Matar masunci guda, ta ɓoye tsoronta shekara da shekaru, kai kuma ka taya ta ɓoyewa.

Na koma ɗaki. Na sauko da tsohuwar gorarka daga inda ka rataye ta, na ɗora mata a cinya. Na tsuguna cikin ruwan, na fara: akwai wani birni da aka ɗaure da igiyar rama.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kaba."

Na ce to, kaba. Na ci gaba, na ce ladanin birnin shamuwa ce. Ta ce, "Gauraka ne. Shamuwa tana da murya ne?" Na kama hannunta, ta sauko da ƙafa ɗaya. Daga nan da gangan na riƙa ɓata labarin. Na ce ƙarfasa ce jakinsu, ta ce tarwaɗa. Na ce gero suke nomawa a rufi, ta ce wane irin gero a kan ruwa. Tana gyara min, tana takawa, idonta a rufe, gorarka a ƙirjinta. Da haka muka fita zaure, da haka ta zauna a jirgi. Ba Modu yana tuƙi yana share ido da hannun riga.

Babu abin da ta manta, Baba. Har sunan ƙofofin birnin, waɗanda ni ban taɓa ji ba.

Da muka kai tudu ta buɗe ido, ta gyara mayafi, ta ce, "Ke ba ki iya ƙarya ba, babanki ne gwani." Kafin la'asar aka zo aka ce ɗakin ya rufta.

Yanzu tana wurina a Nguru. Gorarka tana gefen katifarta, ba mai taɓawa. Jikokinka sun gano ta iya labarin, sun hana ta sakat. Takan fara da cewa ƙaryar kakansu ce, sannan ta ba su shi tiryan-tiryan.

Jiya ina yi mata kitso na tambaye ta ko akwai abin da ka faɗa mata a jirgin Dagona tana amarya wanda ba ka faɗa mana ba. Ka san ta da kunya. Ta kau da kai gefe. Sai ta ce, "Ya ce akwai ɗakina a can, ruwa ba ya shigarsa. Ya ce shi zai riga ni zuwa ya share."

Na kasa ƙarasa kitson. Ina kewarka, Baba, mu duka muna kewarka, amma ita ta fi mu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alherin da ka yi wa matar nan a bakin kogi. Allah Ya ba ku gida ɗaya a Aljanna, wanda ya fi wanda ka yi mata alkawari. Sai dai ina roƙon Ya ƙara mana aronta, kada ka yi gaggawar gama sharar.

Taka har kullum,
Dije, mai ciwon wuya.