Biyu da Rabi

Litinin, 3 ga Maris
Ɓeraye arba'in. An yi musu allurar da ke sa garkuwar jiki ta juya ta afka wa jijiyoyinsu. Rabinsu Dokta ta riga ta ba su furotin ɗin jijiya narkakke cikin ruwa, ko jiki zai saba da shi ya daina yaƙarsa. Sauran ruwan gishiri kawai suka samu. Ita kaɗai ta san wanda ya samu me. Nawa ba da maki ne kowace safiya: ɗaya jela ta saki, biyu tangaɗi, uku ƙafafun baya sun mutu. Wanda ya kwana biyu a uku, a hutar da shi, wato a kashe shi.

Alhamis, 13 ga Maris
Na keji na huɗu mai tsagaggen kunne yana hawa hannun rigata kamar gidan ubansa. Na sa masa Sarkin Hawa. Dokta ta ce ba a raɗa wa ɓeran gwaji suna. Na ji.

Asabar, 15 ga Maris
Jelarsa ta saki.

Talata, 18 ga Maris
Yana jan ƙafafu irin yadda Yaya, mai fama da irin wannan ciwon, take jan nata in za ta banɗaki. Uku ne, ko makaho ya gani. Na rubuta biyu da rabi. Na zuba masa jiƙaƙƙen abinci a ƙasan keji.

Laraba, 19 ga Maris
Biyu da rabi kuma. Kunya nake ji.

Alhamis, 20 ga Maris
Na faɗa wa Dokta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in yana cikin waɗanda aka kare, na ƙawata sakamakon ke nan, wasu kuma su ɗora aikin shekaru a kai. "Masu jira irin yayarki kika yi wa ƙarya, ba ni ba."
Ni na riƙe shi da aka zo hutar da shi. Bai daɗe ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
An buɗe ambulan ɗin da Dokta ta ɓoye takardar wanda ya samu me a ciki. Yana cikin waɗanda aka kare ɗin kuwa. Su uku suka kamu cikin ashirin, ɗaya ɓangaren sha bakwai. Yaya ta tambaya ko an samu magani, na ce tukuna, ɓeraye ne kawai.

Litinin, 12 ga Mayu
Sabon rukuni, ban raɗa wa kowa suna ba. Wani a keji na biyu yana jan ƙafa yau. Na rubuta uku tukuna, sannan na jiƙa masa abincin.