Gashin Ummi Ya Cukurkuɗe

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jariri. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Daura sai godiyar Allah.

Tun da kika aiko mana da jikata Ummi bakina bai rufu ba, gida ya cika. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, gashinta.

Kin san nata naɗaɗɗe ne, irin na dangin ubanta. Innarki ta kai ta wurin mai kitso, matar ta sa masa mataji a bushe ta yi ta ja. Yarinya ta sha kuka, gashin goshi ya kakkarye. Yanzu ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai ni, ga shi ya cukurkuɗe a ƙeya. Innarki ta ce in Salla ta matso bai warware ba, wanzami za ta kira.

Ni ne nake shiga zaure da ita in tura ƙofa, in yayyafa ruwa, in shafa man kaɗanya, ina warwarewa da yatsu a hankali. To hannun manomi ne, ina tsoron in ƙara ɓarna. Don Allah ki rubuto mini yadda kike yi, da manyan baƙaƙe, ki kuma ba innarki baki. Jiya Ummi ta ce mini, "Tsoho, in aka aske ni na fasa aurenka."

Ki taya ni da addu'a kada amaryata ta guje ni. Ki gaida maigidanki da maƙwabta. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Malam Idi