Tolar da Kakana Ya Ce Babu Komai a Cikinta

Wilfrido Anchapaxi,
Unguwar La Merced,
Gundumar San Telmo.
14 ga Maris, 2019.

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Majalisar Gunduma,
Doña Hermelinda Pullas.

Game da: Rushe tolar da ke bayan gonar rakenmu

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na san labarin cacar bakin shekaranjiya Talata, 12 ga wata, tsakanin kakana Don Baltazar da Injiniya Rosero mai aikin sabuwar hanya, ya iso gare ki. Ga asalinta.

1. Da safiyar ranar, katafila ta yanke gefen tolar, tudun da mutanen farko suka tara da hannu suka binne matattunsu. Na tsince fasassun tukwane, buhu guda. Akwai muƙamuƙin mutum mai haƙora huɗu. Yana ƙarƙashin gadona.

2. Kakana ya tsaya a gaban katafilar. Injiniya ya zaro rajistar wuraren tarihi ta 2016, ya karanta a gaban leburori cewa wannan tudun banza ne, kuma kakan nawa ne ya shaida haka, ga dangwalen yatsansa. Har ya tambayi kakana yaushe matattun suka tare a ciki. Aka yi dariya.

3. Gaskiya ne, kakana ya faɗi haka. Amma ke ma 'yar dajin nan ce, kin san ba a nuna wa baƙo tola. Duk mai takalmin birni da ya zo tambaya, babu komai ake ce masa, don kada ya dawo da shebur. Haka aka yashe tolar maƙwabtanmu, gidan su Lema. Mai rajistar da ya zo wurin kakana a 2016 ya ce daga gwamnati yake. Masu tonon kaburbura ma haka suke cewa.

4. Tun ranar kakana bai hura wutar mazarƙwaila ba. Ba ya cin abinci. Yana zaune yana kallon babban yatsansa.

An ce ranar Litinin, 18 ga wata, za a ƙarasa rushe sauran tolar. Don haka nake roƙo cikin ladabi a dakatar da aikin, a turo masani ya duba, a gyara rajistar. A matsar da hanyar taku talatin. Na auna, rakenmu za ta ci, mun yarda.

Idan kuwa Litinin ta yi babu amsa, ina roƙon a sanar da ni a rubuce: wannan muƙamuƙin, ina zan mayar da shi?

Da cikakkiyar biyayya,
Wilfrido Anchapaxi